Kwandon Iya Tabawa

A wani daji da ya kwanta tsakanin fadama da duwatsu, dabbobi sun daɗe da wata al'ada da suke alfahari da ita. Duk kaka, kowa zai kawo wani abu daga abin da ya samu a zuba a babban rumbu da ke gindin kuka. Mai gero ya kawo gero, mai gyaɗa ya kawo gyaɗa, mazauna bakin ruwa su kawo busasshen kifi, manyan dabbobi su jawo harawa. Suna kiransa Rumbun Jinya. Wanda ya karye, ko wanda tsufa ya kwantar, daga nan ake ciyar da shi, daga nan kuma ake sallamar masu kula da shi.

Aikin jinyar yana hannun borin-tunke, dogayen tsuntsayen nan masu sanƙo da jaka a wuya. Babbansu, wanda ake kira Sarkin Jinya Bawa, shi ke raba musu aiki kowace safiya. Tun da mafarauta suka daina shigowa dajin, dabbobi suka riƙa tsufa sosai, tsofaffi suka yi yawa. Borin-tunke ma suka yi yawa, domin kowane mai jinya yana da mai duba aikinsa, mai dubawar kuma yana da wanda yake kai wa labari. Rumbun da a da yake kaiwa sabuwar kaka, sai ya zama tun tsakiyar damina ake jin ƙarar ƙasansa.

Cikin waɗanda rumbun ke ɗauke da su akwai wata tsohuwar ɓauna, Iya Tabawa. A zamaninta ita ke shiga gaba idan garke zai gangara ruwa. Wata shekara gaɓar kogi ta zame da ita, ƙafarta ta baya ta karye, ta haɗe a karkace. Tun daga nan ta koma zaman gindin wani marke, tana ɗingishi zuwa ruwa idan rana ta yi sanyi. Abokiyar zamanta wata balbela ce, Lantana, wadda tun tana ƙarama take bin Iya Tabawa tana cafke farar da kofatonta ke tayarwa. Da tafiya ta ƙare, farar ma ta ƙare, amma Lantana ba ta sauya wuri ba. Takan bi wasu dabbobin da safe ta nemi abincinta, ta dawo ta sauka a bayan tsohuwar, ta cire mata kaska, su yi hira.

Borin-tunke suna zuwa wurin Iya Tabawa, ba a ce ba sa zuwa ba. Sai dai kullum da sabuwar fuska, kuma sai rana ta take. Kowanne zai tambaye ta wace ƙafa ce, ta nuna masa, ya dube ta, ya ajiye mata busasshen kifi, domin a ƙa'idarsu shi ne abincin marar lafiya. Ɓauna ba ta cin kifi. Mai jinyar zai tsaya jim, sannan ya haɗiye shi don kada a yi asara.

Bayan wata kaka da aka zuba kaya rumbun bai ko kai wuya ba, aka kira taro a gindin kuka. Shugaban dajin wani dattijon raƙumin-dawa ne. Yana hangen nesa ƙwarai, amma maganar da ake yi a ƙasa ba duka ke isa kunnensa ba. Iya Tabawa ta tashi tun hantsi tana jan ƙafa, Lantana a bayanta, suka iso ana gab da farawa.

Ma'ajin rumbun, wani kurege mai suna Tanimu, shi ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni ke hawa rumbun nan, ni ke sauka cikinsa. A da, gajeriyar igiya ta ishe ni in kai ga hatsi. Bana sai da na ƙulla wata a kan wata. Mun ƙara abin da kowa ke kawowa bara, mun ƙara bara waccan. Idan muka sake ƙarawa, masu lafiyar ma yunwa za ta kwantar da su, su zo su bi layi. Ga abin da na gani. A daina miƙa kayan jinya ga masu jinya. A auna wa kowane majinyaci kwandonsa duk wata, a sa masa a hannu. Shi zai zaɓi mai kula da shi, shi zai zaɓi mai magani, shi zai sallame su. Abin da ya rage nasa ne. Yanzu ba wanda ke tambayar nawa abu ya ci, saboda kowa na ganin na rumbu ne. Ranar da ya zama nasa, zai tambaya."

Matasan dabbobi, waɗanda ke kawo kaya duk shekara ba su taɓa ko ciwon kai ba, suka gyaɗa kai sosai.

Sarkin Jinya Bawa ya tako gaba a hankali, jakar wuyansa tana lilo.

"Ranka ya daɗe, ni ba kaina nake wa magana ba, Allah ya sani. Marasa lafiya nake tausayi. Jinya ilimi ce, mun gaje ta, mun kuma koya wa 'ya'yanmu. Wanda zazzaɓi ke kaɗawa, yaya zai zauna yana ciniki? Tsohon da idonsa ya dushe, yaya zai gane mai magani daga mai damfara? Za ku ba shi kwando, dangi su zagaye shi, kafin wata ya raba ba kwando ba dangi. Sannan wa za a kira? Mu za a kira. Ni dai na faɗa, kuma ina roƙo a tuna cewa na faɗa."

Nan ma wasu suka gyaɗa kai, har da waɗanda suka gyaɗa wa kurege.

Sai Iya Tabawa ta yi gyaran murya. Dabbobi suka buɗe mata hanya, domin da yawansu ta taɓa kai iyayensu ruwa.

"Ranka ya daɗe, ƙafata ce ta karye, hankalina yana nan inda yake. Na gode wa rumbu, ban taɓa kwana da yunwa saboda an manta da ni ba. Amma tun da na kwanta, ba wanda ya taɓa tambayata yaushe nake son a zo, ko me nake iya ci. Kullum baƙo ne ke ɗaga mini ƙafa. Ban ce yaran Sarkin Jinya mugaye ba ne. Suna yin abin da aka aike su. Ni kuwa ba ni na aike su ba, shi ya sa ba sa jin maganata. Idan za a ba ni kwandon nan a hannu, na san wadda zan ba, kuma ta san wace ƙafa ce. Ban san lissafin rumbu ba. Wannan kaɗai na sani."

Shugaba ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya tambayi na kusa da shi me tsohuwar ta ce. Aka gaya masa ta goyi bayan ma'aji. Ya miƙe ya sanar cewa daga wata mai kamawa kowane majinyaci zai karɓi kwandonsa.

Ba a tattauna girman kwandon a taron ba. Bayan an watse, ma'aji da wasu dattawa suka zauna suka ga cewa tun da marasa ƙarfi ne za su riƙa ɗauka, bai kamata a wahalar da su da babban kwando ba. Aka ba masaƙa aikin sababbi, madaidaita.

Ranar da kwandon farko ya iso gindin marke, tare ya iso da Jatau, ɗan ƙanwar Iya Tabawa, wani ƙaton ɓauna da rabonta da ganinsa tun bikin sunan ɗansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya sake tambaya.

"Iya, na ji an ce yanzu ke za ki zaɓi mai kula da ke. Na ce ina raye ba za a ce bare ke jinyar uwata ba."

"Allah ya yi maka albarka, Jatau. Na riga na yi magana da Lantana."

"Tsuntsuwa, Iya? Ko wutsiyarki ba za ta iya ɗagawa ba."

"Ba ta iyawa. Amma tana nan tun ba a biyan kowa."

Jatau ya dubi kwandon, ya dubi ƙasa. Ya yi sallama ya tafi, bai waiwayo ba. Abin ya dami Iya Tabawa fiye da yadda ta nuna. Ranar ba ta yi tuƙa sosai ba.

Ban da wannan, ranin ya yi mata daɗi irin wanda ta manta akwai shi. Lantana ta riƙa kai geron da gyaɗar kasuwa tana musanyo harawa mai ganye, ta ɗauki hayar wani jaki ya kawo har gindin marke. Kifin da ke cikin kwandon ya zama ladan Lantana, don haka ta daina bin garken wasu da safe. Ana yi wa Iya Tabawa gyaran jiki da sanyin safiya, lokacin da take so. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi sheƙi. Tsofaffin da ke maƙwabtaka da ita ma haka: wani bushiya ya ɗauki matarsa aiki, ya ce tun aurensu ba ta taɓa yi masa magana mai laushi kamar yanzu ba. Borin-tunke da yawa suka koma kamun kifi a fadama, waɗanda suka rage kuma suka koyi zuwa da wuri da yin gaisuwa.

Da damina ta sauka, Lantana ta yi sheƙa a kan marken, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya. Iya Tabawa takan kwanta tana kallon yadda suke buɗe baki idan uwarsu ta sauko da kifi. Tana jin daɗin cewa daga kwandonta ne.

Wata yamma tana dawowa daga ruwa, ƙayar bagaruwa ta shige tsakanin kofaton ƙafarta ta baya mai lafiya, wadda duk nauyinta ke kai. Ta goga a ƙasa, kan ƙayar ya karye, sauran ya zauna a ciki. A da, da safe za ta gaya wa borin-tunke, su kira Ɗanliti, birin da ke yin ɗori da fiɗa, rumbu ya sallame shi. Yanzu daga kwandonta za a sallame shi, kuma yadda ta sani, ladan Ɗanliti ya kai kwando guda cur. Ta ɗaga kai ta dubi sheƙar. Ta ce a ranta ƙaya ce kawai, jiki zai turo ta.

Ta naɗe ƙafar a ƙarƙashin cikinta. Da Lantana ta tambayi dalilin da ya sa ta daina zuwa kogi, ta ce ruwan sama da ke taruwa a kwarin gefenta ya ishe ta. Ƙafar ta kumbura, ta yi zafi, harawa ta fara ragowa a gabanta. Lantana tana ta hidimar 'ya'ya, sai da ta ga ƙudaje sun taru a wuri ɗaya ba sa tashi, sannan ta sauko ta leƙa.

Ta ɗago ta dubi tsohuwar.

"Iya, tun yaushe?"

"Ba a daɗe ba."

"Ya ruɓe, Iya. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Idan na gaya miki, za ki kai wa Ɗanliti kwandon. Su waɗancan na sama me za su ci?"

"Da can da babu kwando, me nake ci? Ai fara ba ta ƙare a dajin nan ba. Kin ɗauke ni in kula da ke, sai kika koma ke ke kula da ni a ɓoye. Yanzu idan ƙafar nan ta tafi, da wane ido zan dubi jama'a?"

"An ce kwandon nawa ne, in yi yadda na ga dama. Na yi yadda na ga dama."

Lantana ta tashi sama ta nufi duwatsu, wurin Ɗanliti.

Ɗanliti ya zo da jakarsa ta fata, ya tsuguna, ya danna kumburin, Iya Tabawa ta runtse ido. Ya girgiza kai.

"Iya, da a makon da abin ya faru kika aiko, da yatsa biyu zan zare ta, ko tsinken gyaɗa ba zan karɓa ba."

"Na ɗauka ladanka kwando ne."

"Wancan farashin rumbu ne. Rumbu ba ya ciniki, ni kuma ban taɓa ƙin abin da aka miƙo mini ba. Tun farkon damina na rage, da na ga ba mai zuwa. Sai dai ba wanda ya zo balle ya ji na rage. Duk sai abu ya lalace ake kirana. Ke ce ta nawa a watan nan?"

Ya ce dole a kwantar da ita a gefe a danne ta kafin ya tsaga, kuma shi da tsuntsuwa ba za su iya ba. Iya Tabawa ta kau da kai. Lantana ta sake tashi, ta sami Jatau yana kiwo a fadama. Ba ta yi masa dogon bayani ba. Ya bar ciyawar a bakinsa ya biyo ta da gudu.

Jatau ya sa ƙahonsa a hankali ya mirgina ta, ya ɗora ƙirjinsa a kafaɗarta. Ɗanliti ya tsaga, mugunya ta fito, ya ciro ƙayar, ya yanke naman da ya mutu, ya cusa ganye ya ɗaure. Iya Tabawa ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take ja. Da aka gama, Jatau bai tashi nan da nan ba.

"Iya, ran nan don kwandon na zo, ba zan ɓoye miki ba. Amma da kin aiko, ko babu shi zan zo."

"Na sani, ɗana. Ɗaga ni, ka yi nauyi."

Ta rayu. Zazzaɓin ya sauka, ta koma cin harawa. Amma rabin kofaton ya tafi, kuma Ɗanliti ya gaya musu gaskiya cewa ƙafafun baya biyu ba za su sake ɗaukarta zuwa kogi ba. Daga nan Jatau ke zuwa safe da yamma ya juya ta don kada gefenta ya yi gyambo, Lantana tana yin sauran. Kwandon da aka saƙa don mai kula ɗaya ya koma ciyar da biyu, ga kuma ganyen Ɗanliti. Suka riƙa maneji. Jatau ya ce shi ciyawar fadama ta ishe shi, 'ya'yan Lantana kuma suka koyi kamun fara da wuri.

Da kaka ta zagayo aka sake kiran taro. Wannan karon Iya Tabawa ba ta je ba. Ta aiki Lantana da saƙo, ta sa ta maimaita shi har ya zauna.

Ma'aji Tanimu ya hau tushen kuka fuskarsa a sake.

"Ranka ya daɗe, jama'a, albishirinku. Bana rumbu ya kai sabuwar kaka, har da ragowa. Na kwance igiyar da na ƙulla. Kiran mai magani ya ragu ƙwarai, wanda ke nuna cewa da can ana kiransa ne ba gaira ba dalili. Wasu majinyatan ma sun daina karɓar kwando gaba ɗaya."

Aka yi tafi. Wani daga baya ya tambaya ko waɗanda suka daina karɓar sun warke ne, amma tafin ya rufe muryarsa.

Lantana ta sauka a kan wani reshe daidai kunnen Shugaba, domin ta lura da inda magana ke ɓacewa.

"Ranka ya daɗe, Iya Tabawa ta aiko ni. Ta ce a gaishe ku, a ce bara da ƙafarta ta zo, bana ba ta da ita. Ta ce laifin ba na kowa ba ne sai nata, ita ta ɓoye ciwo. Amma ta ce a gaya muku dalilin: an haɗa mata abincinta da ladan mai kula da ita da kuɗin magani a kwando ɗaya, duk wanda ta taɓa, ɗayan ne zai ragu. Ta ce ba ita kaɗai ke wannan lissafin ba, a tambayi Ɗanliti. Roƙonta shi ne a bar wa majinyaci zaɓin mai kula da shi, amma ganin mai magani ya koma wuyan rumbu, don kada wani ya sake kwanciya a kan ƙaya yana jiran ta fita da kanta."

Sarkin Jinya Bawa ya matso. "Na roƙa a tuna cewa na faɗa. A dawo mana da jinyar, mu ci gaba daga inda muka tsaya."

"Ta san za ka ce haka, Baba," in ji Lantana. "Ta ce a gaya maka ta gode, amma ko a kwance take, ita za ta zaɓi wanda zai juya ta."

Shugaba ya ji wannan karon, kuma ga alama abin ya taɓa shi. Ya ce magana ce mai nauyi, ba a yanke irinta a tsaye. Ya naɗa kwamiti ya duba ta, ya sa ma'aji da Sarkin Jinya su jagorance shi tare, tun da su suka fi kowa sanin lamarin. A zamansu na farko suka amince da abu ɗaya ba gardama: borin-tunke za su riƙa zagayawa suna duba yadda majinyata ke kashe kwandunansu, a sallame su daga ragowar da aka samu. Maganar mai magani aka ɗage ta zuwa zama na gaba.

Lantana ta koma gindin marke da la'asar, ta tarar Jatau ya gama juya tsohuwar yana kore mata ƙuda da wutsiya.

"Me suka ce?" Iya Tabawa ta tambaya.

"Sun ce an ji, Iya. An kafa kwamiti."

"To, madalla." Ta jawo harawa ta fara tauna. "Gobe ki biya ta wurin bushiya. Na ji yana tari kwana biyu, kuma na san halinsa. Ki gaya masa Ɗanliti ya rage kuɗi."

Ita dai Iya Tabawa ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba, kuma ba ta sake ganin baƙuwar fuska a kanta ba sai ta masu zagayen duba kwando. Amma duk wanda aka tambaya a dajin ya shaida cewa a wannan shekarar an yi jinya mai kyau, domin rumbun ya warke sarai.